Robar ruwana da autar gidanmu

A gidanmu ba a ajiye ruwa a firji a dawo a same shi. Balle a watan Afrilu, sai dai ka tarar da roba wayam. Lokacin ina aji uku a jami'a, ina karatun kimiyyar sinadarai, an ba mu nazari kan wani sinadarin banadiyam da fulorin da ake kira VF5.

Nan shaiɗan ya raɗa mini dabara. Na rubuta VF5 da jan biro a jikin robar ruwana, na zana ƙoƙon kai, na tara ƙannena na yi musu lacca. Kuma wallahi duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ruwa ne garau ba launi, kamar na famfo. A digiri 48 kacal yake tafasa. Da ya haɗu da danshi sai ya saki asid mai cin gilashi, wanda in ya taɓa fata yake ratsawa har ƙashi. Ƙaryata ɗaya ce tak, abin da ke cikin robar.

Kwana biyu ina shan ruwana a ɓoye, mai sanyi har da raɓa.

Rana ta uku aka ɗauke wuta tun safe. Na dawo da la'asar na tarar da firjinmu a tsakar gida a buɗe, an zubar da miyar kuka da naman kwana uku, maƙwabta sun yi cirko-cirko a zaure. Robata kuwa tana can gindin katanga, an kife ta da tsohon bokiti.

“Kai, ba kai ka ce da ya ji zafi yake tafasa ba?” in ji Hajiya. “Ga gari kamar tanda, ga babu wuta. Ƙarar da mu za ka yi?”

Ina ta kame-kame sai autarmu, 'yar sakandare, ta ɗaga bokitin. Mata suka sa salati.

“Yaya, na leƙa littafinka. An rubuta ƙasa da digiri 19.5 daskarewa yake yi. To naka ya yake kwana a firji yana kaɗawa?”

Ta buɗe murfin ta kurɓa. “Ni tun jiya nake sha.”

Hajiya ba ta ce uffan ba. Muciya ta ɗauka, ta tambaye ni nawa ya rage a kuɗin makarantata, don mahauci bai tashi ba tukuna.