Kwana uku ina saita tayimin

Ranar da na sa wa tsohuwar motata kwamfutar nan mai sarrafa inji da mutum ke saitawa da kansa, ranar na naɗa wa kaina sarautar injiniya. Tayimin ai ba wuya a baki: fulogi ya ba da wuta tun fistan bai kai ƙololuwa ba, don mai ba ya cinyewa nan take. In inji ya ƙara gudu, kai ma ka ƙara gaggauta wutar. In ka zarce, inji ya fara ƙwanƙwasa. Iyakar karatun ke nan, a ganina.

Da farko na yi abin kirki. Na kulle tayimin a digiri 10 kafin fistan ya kai ƙololuwa, na goga alli a jikin fuli, na haska fitilar tayimin, alama ta tsaya cak inda kwamfuta ta ce. Har da tafa wa kaina.

Sai na faɗa jadawalin tayimin na cikin kwamfutar, mai gidaje kamar na dara, gudun inji ta nan, nauyin da yake ja ta can, kowane gida da nasa digirin. In ƙara digiri 2, in fita zagaye, in dawo baki har kunne.

"Yaya, ka ji yadda take amsa totur yanzu?"

Yayana, wanda ya riga ni riƙe sifana da shekaru, ya ce, "Ni dai yadda na ji ta jiya haka nake jin ta."

Na ce a raina, hassada ce. Kwana uku ina ƙari, kuma tunda ban ji ƙwanƙwasa ba, gidajen da ya kamata su tsaya wajen digiri 30 sai da na kai su 46. Har na fara zargin ko injina na daban ne a duniya.

A rana ta uku Yaya ya leƙo laftof, ya sa yatsa. "Ƙanena, wannan 'yar alamar fa?"

Ashe ban taɓa cire kullen ba. Duk lambobin da na zuba, ko kallonsu kwamfuta ba ta yi; motar tana nan a digiri 10, ni kaɗai ke ƙara gudu a zuciyata.

Mai hankali zai fara mayar da jadawali yadda ya same shi. Ni kuwa don borin kunya na cire kullen, na ce ya shigo ya ga aiki. Muna hawa titi na taka totur, sai inji ya ɗauki ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na ɗage ƙafa, gumi na keto min.

Yaya ya gyara zama, ya ce, "To, yanzu kam na ji bambanci."