A bar yaran Amurka su karanta littafi har ƙarshe mana

Wallahi abin da ake yi wa darasin Turanci a sakandaren Amurka ya ishe ni. Tun 2022 ƙungiyar malaman Turanci ta ƙasar, NCTE, ta fito ta ce wai lokaci ya yi da za a daina ɗaukar karatun littafi da rubuta insha'i a matsayin ƙololuwar darasin, sai ga SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, ta koma kwamfuta a 2024, aka datse dogayen nassoshi aka bar ɗan sakin layi da tambaya ɗaya tal, insha'in ma tun 2021 aka sauke shi. To malami ya zai yi? Abin da jarrabawa ke nema shi zai koyar, ya yi fotokofin shafi biyu na marubuta irin su Mark Twain ko Toni Morrison ya raba, yara su ja layi su cike gurbi, a kaɗa ƙararrawa.

Kuma fa a aji na 11 da aka fi koyar da adabin Amurka ake cewa yaro ya yi rubutun bincike, ya kafa hujja ya kawo madogara da tsarin MLA na jero madogara. Da me zai kafa ta? Ɗauki littafin da Frederick Douglass, tsohon bawa, ya rubuta kan rayuwarsa a 1845. Akwai inda yake yaro bawa a Baltimore, yana ɗauko burodi daga gida ya ba 'ya'yan talakawan Turawa su koya masa karatu. In wannan shafin kaɗai ka ba ɗalibi ya samu labari mai daɗi, amma bai ga yadda karatun ya hana Douglass sukuni ba, bai ga kokawarsa da Covey mai horar da bayi ba, balle ya haɗa su ya fitar da magana tasa. Sai ya buɗe ChatGPT, malamai kuma su hau salati.

Masu cewa waya ta cinye hankalin yaran yanzu don haka a rage musu karatu, gajiyarsu kawai suke sa wa suna mai kyau. Sakamakon NAEP, gwajin da ake auna ɗaliban ƙasar da shi, na 2024 ya nuna karatun 'yan aji na 12 bai taɓa yin ƙasa haka ba tun 1992, duk da ragin da ake ta yi.

A dawo da cikakkun littattafai ko huɗu ne a shekara, a zaunar da yara su rubuta daftarin farko da biro a gaban malam, a kuma rage wa malamin yawan ɗalibai ya samu damar duba rubutun.