Gilashin ƙofar motar gudu: sayensa sauƙi, saita shi ne aiki

Idan gilashin ƙofar mota irin wadda kowa ke hawa ya fashe, gyaran bai taka kara ya karya ba. A cire marfin cikin ƙofa, a kwashe ɓaraguzai, a zura sabo, a ɗaure noti biyu, shi ke nan. Sauƙin ya samo asali ne daga firam ɗin ƙarfe da ke saman ƙofar, wanda a cikinsa akwai kwaroron roba da gilashin yake bi. Ko an ɗaure shi a ɗan karkace, kwaroron zai miƙar da shi da kansa.

Da wannan idon mutane da yawa suke kallon motar gudu mai ƙofa biyu, irin su Porsche 911, BMW Z4, Audi TT, Ford Mustang da Subaru BRZ, kuma nan ake tafka asara. Waɗannan ƙofofinsu ba su da firam. Buɗe ka gani: gilashin yana tsaye tsirara a sama, babu abin da ya rungume shi. Duk abin da ke riƙe da shi yana ƙasa, cikin ƙofar, sai robar da ke jikin rufin mota wadda yake jingina da ita in an rufe. Shi ya sa a ganina, a irin wannan mota, tambayar "wa zai saita shi?" ta riga tambayar "ina za a samo shi?" muhimmanci.

Ka lura da abin da ke faruwa in ka ja hannun ƙofar irin waɗannan motoci. Gilashin yakan sauka 'yan milimitoci da kansa, in ka rufe ya koma sama ya cusa bakinsa cikin robar rufi. Ba don ƙawa aka yi haka ba. Idan mota ta ɗauki gudu, iskar da ke wucewa ta gefenta tana zuƙo gilashin waje. A mota mai firam, ƙarfe ne yake tare shi. A nan kuwa babu mai tare shi sai wannan ɗan bakin da ya shiga roba, da kuma ɗan kwantowar da aka yi masa zuwa ciki. Kuskuren milimita biyu ko uku ya isa ya jawo fito a kunne a kilomita 100 cikin awa, ko ɗigar ruwa a kan kujera, ko ma gilashin ya doki rufi ya sake tarwatsewa.

Kafin a nemi sabo, a tsaya a tambayi dalilin fashewar tsohon, domin ruwa ba ya tsami banza. In ɓarawo ne ko dutse, magana ta ƙare. In kuwa an wayi gari ne aka tarar da shi a warwatse, ko ya fashe lokacin rufe ƙofa, to akwai abin bincike. Galibin gilashin gefe gasasshe ne: ana zafafa shi sama da digiri 600 a ma'aunin Salsiyos, sannan a huce shi da iska farat ɗaya. Wannan yana sa fuskarsa ta yi ƙarfi ninki huɗu zuwa biyar a kan gilashin taga, amma bakinsa ya zama wurin rauni. 'Yar ɓalla a baki, ko maƙalin da aka ɗaure fiye da kima, ko bugun rufi a kai a kai saboda ya daina saukowa in an buɗe ƙofa, duk suna iya kashe shi. In ba a gano wannan ba, sabon ma hanyar tsohon zai bi. Kuma a sani, gasasshen gilashi ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a goge bakinsa don ya shiga. Duk wanda ya ce zai rage maka na wata mota ya dace da taka, kama gabanka.

Akwai nau'i na biyu, mai falle biyu da siririyar leda a tsakani, kaurinta kimanin milimita 0.76, irin na gilashin gaba. Wasu motoci masu tsada suna zuwa da shi a ƙofa don rage ƙarar hanya. Shi in ya fashe tsagewa yake yi kamar saƙar gizo, ba ya zubewa. Kada a musanya ɗaya da ɗaya don neman sauƙi, saboda kauri da nauyi suna iya bambanta, kuma maƙalan injin da ke ɗaga gilashi da robobin an auna su ne da wanda motar ta zo da shi. Yadda za ka gane naka: duba tambarin da ke kusurwar ƙasa ta gilashin ɗaya ƙofar. Za ka ga harafin E cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta ba da izini (E1 Jamus, E2 Faransa, E11 Birtaniya), da 43R, wato ƙa'idar gilashin mota ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Alamar XI tana nufin mai falle biyu ne, V kuma tana nufin mai duhu da hasken da ke ratsa shi bai kai kashi 70 cikin 100 ba. Na kasuwar Amurka za ka ga DOT da AS2. Gilashin da babu irin wannan tambari a jikinsa bai cancanci shiga ƙofar mota ba ko da kyauta aka ba ka.

Wajen oda, a bi lambar shasi, kada a tsaya kan sunan mota da shekara kawai. Mai rufin ƙarfe da mai rufin da ake naɗewa sau da yawa gilashinsu ya sha bamban, ko da sunansu ɗaya. Ga wani tarko da zama a Ingila yake koya wa mutum: kada ka taɓa cewa "na ɓangaren direba". A Ingila sitiyari yana dama, a Jamus da Amurka yana hagu, kuma kayan motocin nan tsallaka iyaka suke yi. Ka ce hagu ko dama, yadda mutum yake in yana zaune cikin mota yana fuskantar gaba.

Tsakanin na kamfanin motar, da na wani kamfani, da wanda aka ciro daga motar da ta yi hatsari, ina da zaɓi, kuma ba shi ne mutane suka fi zato ba. Kamfanonin mota ba su suke narka gilashi ba, masana'antu irin su Saint-Gobain Sekurit, Pilkington, AGC da Fuyao ne suke yi musu. Don haka sabon gilashi daga sanannen kamfani ba abin ƙi ba ne. Amma kwaikwayo mai arha da lanƙwasarsa ta ɗan kauce, a mota mai firam za ka sha da shi, a marar firam kuwa ko kwana za a yi ana juya noti ba zai kwanta ba: in sama ta zauna, baya ya buɗe. Araha ba ta ado. Na fi yarda da na hannu, na asali, a kan irin wannan sabon, muddin an ɗaga shi a haske an duba babu zane mai zurfi, an kuma bi bakinsa da yatsa babu ɓalla.

Aikin kansa yana farawa da lantarki. Wasu daga cikin motocin nan jakar iskar kariya tana cikin ƙofar, wasu kuma na'urar jin bugun gefe ce a ciki. A kashe mota, a cire kan baturi mai alamar (−), a jira mintunan da littafin motar ya faɗa, kafin a taɓa duk wata mahaɗar waya mai launin rawaya. In aka kunna mota alhali mahaɗar tana cire, fitilar gargaɗi za ta kama, sai an jona kwamfuta kafin ta mutu. Masu 911 na zamani su kula: baturi yana but ɗin gaba, kuma da lantarki murfin yake buɗewa, kada a rufe shi baturi na cire. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Marfin ƙofa da abin ɓamɓara na roba ake cire shi, sukundireba yana cin fenti. A tanadi sababbin 'yan maƙalan roba, don da wuya a gama ba a karya ko ɗaya ba. Ledar ko farantin da ke bayan marfin a ɓare shi a hankali, a kuma mayar da shi a liƙe tsaf daga baya. Shi ke hana ruwa shiga ɗaki, kuma a motocin da na'urar jin bugu take aiki da matsin iskar cikin ƙofa, yagaggiyar leda tana iya rage mata ji.

Sai shara, wadda ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A sa safar hannu da tabarau, a zuƙe ɓaraguzai da inji daga ƙasan ƙofa, da layin da injin gilashi yake bi, da bayan sifika, da ƙarƙashin kujera. A buɗe ramukan fitar ruwa da ke ƙasan ƙofa, in suka toshe tsatsa ce za ta biyo baya. Mafi muhimmanci, robobin nan biyu masu gashi-gashi da suke shafar gilashi a bakin ƙofa: a ciro su, a goge da burushi, in sun tsufa a sake su. Ƙwaya ɗaya da ta maƙale a ciki za ta zana wa sabon gilashi layi daga sama har ƙasa a rana ta farko. Kada kuma a motsa injin kafin a gama shara, ɓaraguzai suna cin wayar ƙarfen da ke jan sa.

Kafin a kwance kowane noti na saiti, a zagaye shi da alƙalami. A je ɗaya ƙofar mai lafiya a auna: nawa bakin gilashi ya shiga roba, nawa ne tazararsa da ginshiƙin gaba, nawa da ƙaramin gilashin baya. Ita ce malamarka. Sannan a zura sabon ta sama, a zaunar da shi cikin maƙalansa, a tabbata 'yan robobin cikin maƙalan suna nan, don ƙarfe bai kamata ya taɓa gilashi kai tsaye ba. A ɗaure da yatsa tukuna.

Saitin fuska uku gare shi: tsayi, gaba ko baya, da kwantowa ciki ko waje. Ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, rabin juyi, a gwada, a sake. Wanda ya kwance duka ukun tare ya ɓatar da kansa. In kwantowar ta yi yawa, ƙofa ba za ta rufu ba sai an buga, gilashin kuma yana shan wahala a kowane bugu. In ta yi kaɗan, ga fito ga yoyo. Rufewar farko a yi ta a hankali, a tsaya a ƙarar farko ta makulli, ido yana kan saman gilashin. Akwai dabarar tura harshen makulli da sukundireba ƙofa na buɗe, don motar ta zaci an rufe ta ɗaga gilashi har ƙarshe a samu damar aunawa. Dabara ce mai kyau, amma wanda ya manta bai ja hannun ƙofa ya saki makullin ba kafin ya tura ta, zai sayi gilashi na biyu. Wani abin da ake mantawa: ƙofofin nan dogaye ne masu nauyi, suna sauka da tsufa. In ƙofar kanta ta sunkuya, ita za a fara gyarawa. A mai rufin naɗewa kuma, sai rufin yana rufe a kulle ake saiti. In komai ya zauna, a ɗaure da sifana mai ma'auni daidai lambar da littafi ya bayar, ba da ƙarfin damtse ba.

Bayan an mayar da baturi, motar takan manta inda sama da ƙasan gilashi suke. A mafi yawansu, ana rufe ƙofa, a saukar da shi ƙasa gaba ɗaya, a ɗaga shi sama a ci gaba da riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙoƙi, amma tsarin ya bambanta daga mota zuwa mota. In ba a yi ba, saukar nan ta buɗe ƙofa da kariyar matse hannu ba za su yi aiki daidai ba. Daga nan sai gwaji. A sa siririyar takarda tsakanin gilashi da roba, a rufe, a ja, a wurare biyar ko shida: ya kamata ta riƙe daidai wa daida ko'ina. A zuba ruwa da tiyo marar ƙarfi, daga ƙasa zuwa sama, wani yana zaune ciki yana dubawa. A ƙarshe a hau babbar hanya, rediyo a kashe.

A ƙasashen da gyaran gilashin mota sana'a ce mai zaman kanta, ma'aikaci yakan zo har ƙofar gida da motar aikinsa, da kaya masu kyau da lambar gilashi daidai, amma agogo yana bin sa, wasu motocin suna jira. A inda bakanike ɗaya yake yin komai, akwai haƙuri da basirar hannu, amma sau da yawa babu littafi, babu sifana mai ma'auni. Ga mota mai firam, kowanne ya wadatar. Ga marar firam, kowanne rabi ne. Na farko ka ce masa ba za ka karɓi aiki ba sai an yi gwajin takarda da na ruwa a gabanka. Na biyu ka samo masa shafukan littafin gyaran motar, ka zauna tare da shi.

Yanayi ma yana sauya abin da ke kashe gilashin. A ƙasashen sanyi ƙanƙara ce: gilashi yakan daskare jikin roba, ya ƙi sauka in an ja hannu, mai gaggawa ya fizge ƙofa, ya dawo ya buga ta a haka. Maganinsa shafa wa robobi man silikon kafin hunturu, da narkar da ƙanƙarar bakin ƙofa kafin a buɗe, ba da tafasasshen ruwa ba. A ƙasashen zafi da ƙura, rana tana busar da roba har ta taurare, yashi kuma ya taru a robobin bakin ƙofa yana zane gilashi yana wahalar da injin. A can yawan wanke waɗannan robobi ya fi komai.

Ƙaramin gilashin baya da ba ya motsi labarinsa daban: a motoci da yawa da gam mai ƙarfi aka liƙa shi, da waya ake yanko shi, kuma sai gam ya bushe iya lokacin da aka rubuta a jikinsa kafin a tuƙa. Masu son sa robar gilashi irin ta motocin tsere don rage nauyi su sani tana saurin zanewa, kuma ba ta fashewa in an maƙale cikin mota ana neman hanyar fita. Ledar baƙin gilashi kuwa, a Birtaniya doka ta ce gilashin ƙofofin gaba ya bar aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske ya ratsa, kuma na asali ma yana kusa da wannan iyaka, don haka ko leda marar duhu sosai tana iya tsallake ta. Inda doka ta yarda, a jinkirta liƙa ledar sai an yi mako guda ana hawa an tabbata saitin ya zauna, domin in za a sake kwance gilashin, ledar ce farkon abin da zai yage.