Zafi da Mai Ba Su Jituwa da Roba

'Yan'uwana matasa, musamman masu zaman shago da ɗalibai da magidantan da suka yi aure kwanan nan, da ku nake. Ka je wurin mai koko da safe a Tudun Wada ko Kawo ka tsaya ka gani: koko na tiriri za a juye a leda, ƙosai daga kasko sai baƙar leda. Da rana a Kasuwar Barci, shinkafa da miyar manja a cikin roba. A gida kuma an ɗaure alale a leda an jefa tukunya ya dahu da ita. Ni ma haka na taso ina ci, shi ya sa abin yake damuna.

Akwai roba mai suna PVC, wadda asalinta tauri gare ta kamar bututun ruwa. Kafin ta yi laushi sai an zuba mata wasu sinadarai na tausasawa, fitaccen cikinsu shi ne DEHP. Matsalar ita ce sinadarin ba ya kama jikin robar da kyau, zaman haya yake yi a ciki. Da ya ji zafi ko ya haɗu da maiƙo sai ya fito ya bi abinci. To wane abinci ne namu babu zafi babu mai?

Idan ya shiga jiki, yana yi wa sinadaran halitta masu tafiyar da girma da haihuwa katsalandan, har ya rage sinadarin mazakuta. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne ɗan tayin da ke ciki, musamman namiji, lokacin da al'aurarsa ke ginuwa, sai kuma jarirai. Saboda haka Tarayyar Turai ta fara hana sa irin waɗannan sinadaran tausasa roba a kayan wasan da yara ke tsotsa tun 1999, Amurka ta yi tata dokar a 2008. Mutanen da suka ƙera abin sun janye shi daga bakin 'ya'yansu.

Wani zai ce ai ba kowace leda ce PVC ba. Gaskiya ne. Amma baƙar leda sau da yawa daga tarkacen robobin da aka narka ake yin ta, ba a kuma yi ta don abinci ba. Haka bokitin fenti da ake wankewa a zuba manja ko kunu. Idan ka ga lamba 3 cikin alamar kibau a gindin roba, PVC ce, kada abinci ya raɓe ta.

Jiki yana fitar da sinadarin ta fitsari cikin kwana ɗaya zuwa biyu, mu ne muke sabunta shi safe da yamma. Don Allah, ango, matarka na da juna biyu, ka saya mata kwanon silba da kula mai cikin ƙarfe. A yi alale a ganye ko ƙaramin kwano kamar yadda iyayenmu suka yi. Tuwo ya zauna a samira. Abinci in dole sai an sa a roba, a bari ya huce tukuna.

Ni dai yanzu da kofina na silba nake zuwa wurin mai kokon layinmu. Ranar farko ta ce, "Malam, yau kuma lafiya?" Na yi mata bayani, ta ce ita ma ledar saye take yi, in kowa zai zo da kwanonsa ta huta.