Kujera biyar na biya, amma a cinya 'ya'yana suka je Yamai

Babbar 'yata ce ta dawo daga lakkwal da labarin bishiyar Tenere. Malaminsu ya gaya musu bishiya ce ƙwaya ɗaya tilo a tsakiyar hamada, da ita ayarin raƙuma masu zuwa ɗauko gishiri suke gane hanya, har wata babbar mota ta buge ta a 1973, aka kwashi gangar jikinta aka kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai. Ta ce, "Baba, da gaske tana nan har yanzu?" Na ce tana nan, in Allah ya kai mu hutu za ki gani da idonki.

Ni tela ne a Tawa, ba ni da albashi. Jika jika na riƙa ajiyewa daga kuɗin ɗinki har wata huɗu. Da hutu ya zo, ana tsakiyar bazara, na je tashar wani kamfanin manyan motoci kwana biyu kafin tafiya, na yanki tikiti biyar: ni, uwarsu, da yara uku. Har autarmu mai shekara biyar na biya mata cikakken kuɗi, don na san nisan hanyar, fiye da kilomita 500 ne, ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso. Mai yankan tikitin ya ce mota da na'urar sanyi, kuma ƙarfe biyar na asuba za a tashi.

Ƙarfe huɗu muna tasha. Sai bakwai da rabi aka fara loda. Muna shiga na tarar da mutane biyu zaune a kujerun yarana, kuma lambar da ke jikin tikitinsu ita ce a jikin nawa. An sayar da kujera ɗaya sau biyu ke nan! Na kira yaron mota, ko kallon takardar bai yi ba ya ce, "Alhaji, ai yara ne, a ɗora su a cinya mana." Na ce to me ya sa lokacin karɓar kuɗi ba ku ce yara ne ba? Ya juya ya yi tafiyarsa. Wallahi abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, wulaƙanci a gaban iyalina, ga kuɗina a aljihunsu.

Na'urar sanyin kuwa ko sau ɗaya ba ta huro ba, ga tagogi a like ba sa buɗuwa. Mun wuce Konni da kaɗan mota ta fara tari, ta tsaya cak a fili, babu gari babu inuwar kirki. Awa shida muka yi a wurin. Direba ya shige ƙarƙashin mota da tabarmarsa, babu wanda ya ce mana ga abin da ya lalace, ko ga lokacin da wata za ta zo. Na buga lambar da ke jikin tikiti ya fi sau goma, tana shiga ba a ɗauka. Ruwan da muka ɗauko ya ƙare tun azahar. Uwarsu ta jiƙa bakin mayafinta da ɗan ragowar da ke gindin gora tana goga wa auta a wuya, yarinya leɓɓanta sun bushe, ko kuka ta kasa. Wata tsohuwa da ba mu sani ba ce ta miƙo mana leda biyu na ruwa, ta ce, "Ɗana, ba ta ta sha." Allah ya saka mata da alheri. Kamfanin da ya karɓi kuɗinmu ko ɗigo bai kawo ba.

Na yi wa yaran alkawarin in mun kai Kure su leƙa ta taga, ko za a dace su hango raƙuman dawa, irin da ya rage a duk Afirka ta Yamma. Cikin duhu muka wuce wurin. Ƙarfe biyun dare muka shiga Yamai.

Kwana biyu kacal na ware, don akwai ɗinkin mutane a shago. Ranar farko a wurin likita ta ƙare, auta ta kwana tana amai. Sai ranar biyu da yamma muka samu shiga gidan tarihin, wanda aka buɗe tun 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama. Wurin da ya cancanci wuni guda, ga ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a Gadufawa, ga zakuna da dorina, ga maƙera da dukawa suna aiki a gaban mutum, a gurguje muka zaga shi. Ɗana ya tsaya ƙarƙashin ƙasusuwan nan baki buɗe yana ta jero tambayoyi, ni kuwa ina jan hannunsa don lokaci. 'Yata ta ga bishiyarta, ta tsaya shiru tana kallo, ban bar ta ta yi minti biyar ba.

Da muka dawo Tawa na koma tashar da tikitocina biyar a hannu, na ce a mayar mini da kuɗin kujera biyu da ba mu zauna ba. Na cikin ofishin ya ce mai gida ba ya nan, in dawo jibi. Na koma jibin, na sake komawa bayan mako. Tikitocin suna nan cikin aljihun keken ɗinkina, kuma ranar Litinin ma zan koma.