Katin ƙungiya bai isa ba, a duba kwangila

Wani labari ya ce masu wasan 'yar tsana a Amurka sun samu kariya tunda suna da ƙungiya, amma an tsallake inda gizo ke saƙar. Aikin fim da talabijin na ƙungiyar SAG-AFTRA ne, na dandamali kuwa na wata ƙungiyar daban, Actors' Equity, kuma albashin ɗaya ba ya shiga lissafin inshorar lafiyar ɗayan. A 2023 sai ka samu dala 26,470 a shekara kafin inshorar SAG-AFTRA ta ɗauke ka. Wanda ya raba shekararsa gida biyu zai iya rasa duka. Sannan me aka rubuta a kwangila? Idan "ɗan wasa" ne, za a riƙa biyansa in an maimaita shirin. Idan kamfanin ƙera 'yar tsanar ya ɗauke shi a matsayin ma'aikacin fasaha, shi ke nan. Ga mai cewa wai aikin ba wahala: mutum na kwance ko durƙushe, hannu a sama, ido kan allo, ana ta sake ɗauka. Kafaɗar da ta lalace, wa zai biya kuɗin asibitinta?