Roosevelt biyun nan fa ba uba da ɗa ba ne

Mutane da yawa in sun ji Theodore Roosevelt da Franklin Roosevelt sai su ɗauka uba ne da ɗansa, irin Bush babba da ƙarami. Ina! Dangi ne dai amma na nesa, sai can can baya suka haɗa kaka. Theodore ya mulki Amurka 1901 zuwa 1909, Franklin sai 1933 ya hau.

Abin dariyar ma, matar Franklin, wato Eleanor, ita ce jinin Theodore na kusa, 'yar ƙaninsa Elliott ce, Theodore ɗin ne ma ya ba da aurenta a 1905 tunda mahaifinta ya rasu, kuma ko suna ba ta canza ba don dama Roosevelt take tun haihuwa.